Ranar da Na Mutu a Rigar Babana

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na mutu a coci ba, kuma ko ni na manta, matan zumuntar cocinmu na Kakuri ba za su bari maganar ta kwanta ba. Har gobe in na wuce ta gaban masu tumatir, akwai wadda takan ɗaga murya ta ce, "Gawa, an tashi lafiya?" Nakan amsa mata da ladabi in wuce, don ni na jawo wa kaina.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan wani Bature. Ɗan wasan kwaikwayo ne na ƙasar Ingila, tsoho mai faɗin goshi da murya mai kauri. Ba zan faɗi sunansa ba. Bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa jin sunan Kakuri ba balle nawa, don haka babu dalilin jawo shi cikin abin kunyata. A wani tsohon faifai na fara ganinsa, cikin irin waɗanda ake zubewa a ƙasa a kasuwa. Ba shi ne jarumin fim ɗin ba, wani tsohon bara ne da ya mutu a tsakiyar labari. Amma yadda ya mutu ɗin ya hana ni sukuni. Babu ihu, babu shure-shure, magana yake yi kawai sai ta tsaya. Na mayar da wurin baya har faifan ya fara sarƙewa.

Daga nan na bi shi a waya. Duk wata hira da aka yi da shi, duk wani shiri a kan rayuwarsa, sai da na kalla. Ashe ɗan ma'aikacin masaƙa ne, daga wani gari a arewacin ƙasarsu inda masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Nan fa ya kama ni, domin ni ma babana a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma duk wanda ya tashi a Kakuri ya san yadda gari yake komawa in injuna suka yi shiru. Baturen ya bar makaranta da wuri, ya fara da sharar gidan wasa. Ya yi shekaru yana tsayawa a bayan mai fitowa a matsayin sarki, riƙe da mashi, ba a ba shi ko kalma ɗaya ya faɗa ba. Ya yi yawon garuruwa da 'yan wasa, yana kwana a ɗakuna masu sanyi. Sai da ya manyanta aka fara ba shi sarakunan da kansu, fim kuwa bai neme shi ba sai da kansa ya yi fari. A ƙarshe har sarauniyarsu ta ba shi lambar girma, kuma bai daina hawa dandali ba sai da ƙwaƙwalwarsa ta daina riƙe magana.

Abu biyu na ɗauka daga wurinsa na rungume. Na farko, wai shi ba ya ƙirƙira, sata yake yi. Yakan zauna a tashar jirgin ƙasa ko a barandar asibiti yana kallon mutane, ya sace tafiyar wannan, ya sace tarin wancan. Na biyu, wai in ya hau dandali, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya fita daga mutumin da yake kwaikwaya, har an ce ya taɓa karya ƙafa a tsakiyar wasa ya ci gaba. (Ko haka ya faɗa, ko ni na ƙara gishiri saboda Turancinsa na hanci da ba duka nake kamawa ba, Allah ne masani.) Akwai kuma wani ɓangare na shirin inda 'yarsa take bayanin dalilin da ya sa ta yi shekaru ba ta yi masa magana. Wannan nakan tsallake shi, a ganina tsegumi ne.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata firamare mai zaman kanta a Narayi, ina kuma cikin 'yan dirama na ƙungiyar matasan cocinmu. Na ishe su da labarin mutumin nan har suka laƙaba mini Bature. Ni kuwa daɗin sunan nake ji, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai na gaya muku yadda ake mutuwa a diramar cocinmu, don a nan matsalar take. Mai mutuwa yakan riƙe ciki, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce, "Wayyo, zan mutu!" Sai ya yi doguwar wasiyya, ya zaga bagadi a gaban coci, ya zaɓi wuri mai tsabta ya kwanta, ya shure ƙafa. Yara su yi dariya, tsofaffi su ce "Allah sarki", a lulluɓe shi da zane, sannan ya miƙe da zanen a kansa ya shige baya. Kowa ya san wasa ne, kowa ya ɗauki darasi, babu wanda hankalinsa ya tashi. Ni wannan abin kunya yake ba ni. Nakan tsaya a gefe ina girgiza kai kamar wanda aka haifa a Landan.

Da makon zumuntar maza ya matso, shugaban diramarmu, Broda Bitrus kafinta, ya kawo labarin wani uba da ya wahala a kan 'ya'yansa, suka girma suka yi watsi da shi, ya mutu a ƙarshe. Darasin shi ne a girmama iyaye. (Ku riƙe wannan.) Ni aka ba uban. Na ce a raina yau Kakuri za ta ga mutuwa ta gaskiya. To amma daga wa zan sata? Ban taɓa ganin mutum yana mutuwa ba. Ko babana ban ga tasa ba. Bayan an rufe masaƙa ya koma aikin gadi, kuma wata safiya ya faɗi a tsakar gida ina makaranta a Kafanchan. Kafin in iso an kai shi ɗakin ajiye gawa. Mama ce kaɗai ta gani, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba.

Na same ta da yamma a baranda tana tsince wake a faranti. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, "Mama, wai yaya Baba ya faɗi ranar nan?"

Ta ajiye farantin. Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Auta, na ɗauka ba za ka taɓa tambaya ba. Na ɗauka fushi kake da shi don bai jira ka ba."

Sai ta fara. Ya dawo daga gadi da sassafe, sanye da tsohuwar rigarsa ta kaki ta masaƙa. Ya ce ta ba shi ruwa. Ya karɓi kofin, yana cewa kwanon ɗakin baya yana yoyo, ya kamata a kira mai gyara kafin ruwa ya yi ƙarfi, sai maganar ta tsaya. Ya kai hannu wuya. Na ce, "Wuya, Mama, ko ƙirji?" Ta ce wuya. Na ce wane hannun? Ta ce na dama. Ta ce fuskarsa ta yi kamar ta wanda ya ji an kira sunansa daga nesa. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, sannan ya kife ta gefen hagu, kofin ya gangara har bakin famfo. Tana faɗa hawaye na zuba, ni kuwa ina jera abubuwan a kaina: ruwa, kwano, wuya, gwiwa, hagu, kofi. Ta buɗe baki za ta ci gaba, na ce, "Ya isa, Mama, ya isa haka." Ta rungume kaina, ta ɗauka zuciyata ce ta kasa ɗauka. Gaskiyar ita ce na riga na samu abin da na zo nema. Da na roƙi rigar kakin, ita da kanta ta buɗe akwati ta ciro mini, tana warin kafur.

A wurin gwaji ban nuna wa kowa ba. Nakan yi musu mutuwar da suka saba, har da "wayyo". Ta gaskiyar kuwa a aji nake gwada ta bayan an tashi yara, ina faɗuwa tsakanin bencunan yara har gwiwata ta yi baƙi. Na kuma yanke wata shawara da na ɗauka hikima ce: ba zan jira ƙarshen wasa ba, a tsakiya zan mutu, ba tare da kowa ya sani ba, don firgicin sauran 'yan wasan ya zama na gaske. Ai mutuwa ba ta sallama.

Ranar Lahadin, bayan wa'azi, coci cike maƙil. Matan zumunta sun jeru a gaba cikin anko, Mama tana cikinsu, yayata Rifkatu tana bayanta. Na shafa toka a kai da gira, na saka rigar, na ɗan ranƙwafa yadda Baba yake yi. Ina fitowa na ji guna-guni ya tashi. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, kamar kumbo kamar katanta!" Na saci kallon Mama na ga ta rufe baki da hannu. Na ce a raina, to, an fara.

Ina magana ƙasa-ƙasa irin ta Baturena, wani daga baya yana ta cewa, "Ɗaga murya, ba ma ji!" Ban kula shi ba. Muna cikin fitowa ta biyu, ni da Saratu mai fitowa a matsayin 'yata, na ce ta ba ni ruwa. Babu wannan a labarin, amma ta ɗauko kofin fasto ta miƙo mini. Na karɓa na ce, "Kwanon ɗakin baya yana yoyo, ya kamata a kira..." Sai na tsaya. Na kai hannun dama wuya. Na yi fuskar wanda ya ji an kira shi daga nesa. Na durƙusa, na kife ta hagu, kaina ya bugi siminti da gaske, kofin ya gangara ya sauka matakalar bagadi yana ƙara.

Coci ya yi tsit. Zan faɗi gaskiya, tunda na ɗauko faɗinta: ban taɓa jin abu mai daɗi kamar shirun nan ba. Shi nake gani a waya a gidajen wasan Ingila, yau ga shi na kawo shi Kakuri. Ina kwance ina jin kaina yana zafi, zuciyata kuwa fari fat.

Saratu ta sunkuyo ta raɗa mini, "Broda, ba nan ba ne fa. Tukuna." Na yi shiru. Daga bayan labule Broda Bitrus ya ce, "Bature, abeg, wane irin abu ne wannan?" Na yi shiru.

Sai na ji muryar Mama. Ba ihu ta yi ba, da ihu ne ma da sauƙi. A hankali ta ce, "Auta." Kamar yadda take tashina da safe. Sannan ta ce, "Auta, tashi." Na ji ƙarar benci, na ji takunta tana hawa matakala, ita da gwiwa ke hana ta hawa keke napep sai an riƙe ta. Ta ɗora kaina a cinyarta. Hannunta yana kan fuskata, ina jin ƙamshin man zafin da take shafawa. Ta ce, "Kada ka yi mini haka. Kai ma? Auta, ni ce. Ka amsa mini."

Kun san abin da nake tunani a lokacin? Ƙafar Bature. Na ce mutum ya karya ƙafa bai fita daga wasa ba, ni don uwata ta kira ni zan ɓata aikin da na sha wahala a kansa? Na ce anjima in na miƙe aka yi tafi, ita ce za ta fi kowa alfahari. Sai ma na ƙara sake jiki, na riƙe numfashi.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Matan zumunta suka fasa kuka. Aka yi ta fasa ledojin ruwa a kaina, tokar ta narke tana shiga mini ido. Wani yana jan babban yatsan ƙafata, wata tana cusa mini cokali a baki, wata ta kawo albasa ta manna mini a hanci. (Wanda bai taɓa riƙe atishawa da albasa a hanci ba bai san wahalar sana'ar nan ba.) Fasto ya karɓi makirfo yana tsawata wa ruhun mutuwa. A nan na fara gane cewa babu tafin da ke zuwa, amma kuma ban san ta inda zan tashi ba. Kowace daƙiƙa da na ƙara a kwance sai tashin ya ƙara wuya. Wani ya ce a kira keke, maza suka ciccibe ni suka nufi ƙofa.

Ana cikin ɗaga ni na ji hannun Mama ya zame daga fuskata. Sai na ji wani abu mai nauyi ya faɗi a bayanmu, sannan muryar Yaya Rifkatu: "Mama! Mama! Ku zo, Mama ta faɗi!"

Na buɗe ido, na wuntsila daga hannunsu na dira da ƙafafuna. Waɗanda suke ɗauke da ni suka watse, ɗaya har ya hau benci. Tsohuwar nan ta ɗaga hannu sama ta ce, "Halleluya! Ya tashi! Ubangiji ya ta da shi!" Coci ya ɗauka, har mai ganga ya fara bugawa. Da ina da wayo irin na mugaye da na bar su a haka. Amma ni, ina tsaye jiƙe sharkaf, toka na gangaro mini a kumatu, cokali a hannuna, sai na buɗe baki na ce, "A'a, dirama ce. Wasa nake yi."

Gangar ta tsaya. Wani shirun ya sake sauka, amma ba irin na farko ba. Ban san idanun mutane suna da nauyi ba sai ranar. Yaya Rifkatu ta taso daga inda Mama take kwance, ta zo har gabana, ta ce, "Kana jinta?" Na ce, "Yaya..." Ta ce, "Tambayarka nake. Lokacin da take kiranka, kana jinta?" Na ce e. Marin da ta yi mini har masu zama a waje sun ji, kuma babu wanda ya ce ta yi haƙuri, har fasto.

Keken da aka kira don gawata shi ya ɗauki Mama. Mai keken Malam Sani ne daga Makera, wanda suka yi aiki ɗaki ɗaya da Baba a masaƙa. Ya kalli rigar da ke jikina, ya gane ta, ya kawar da kai. Ya ce, "Yaro, shiga ka riƙe mata kai. In kuma wasan bai ƙare ba, ka tsaya a nan."

Likita ya ce jininta ne ya hau. Ta farfaɗo, amma bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu kuma ya yi rauni. Kwanakin da ta yi a gado ina zaune a bakin ƙofa, don Yaya ta ce in na matso za ta kira masu gadi. Dattawan ikilisiya suka kira ni, na tsaya a gabansu ina ƙoƙarin bayyana musu tsarin wasan Ingila. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Shi Baturen naka, ba shi da uwa ne?" Aka sa ni horo, na koma zama a bencin ƙarshe tare da masu zuwa a makare.

Bayan an sallame ta, Mama ba ta zage ni ba, ba ta kuma ɗaga maganar ba. Takan amsa gaisuwata, ta ci abincin da na kawo, shi ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Wata yamma muna baranda ina murza mata hannun da man zafi kamar yadda nas ta koya mana, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ka iya fa."

Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta ce, "A'a, ka iya. Har kofin. Har wuyan." Maganarta tana fita a hankali saboda bakin. "Amma ranar nan ba ka bar ni na gama ba. Ka ce ya isa. Babanka bai kwanta haka ba, Auta. Da na kira shi, ya ji ni. Ya dafa ƙasa zai tashi. Mutum yana mutuwa, amma ya ji muryata ya yunƙura. Hannun ne ya ƙi ɗaukarsa." Ta zare hannunta daga nawa ta ɗora a cinya. "Kai kuwa lafiyarka ƙalau."

Daga baya na koma na kalli ɓangaren 'yar Baturen da nake tsallakewa. Ba sai na gaya muku abin da ta ce ba, kun riga kun ji irinsa.

Rigar ta koma akwati, kuma ba ni na mayar da ita ba. Hannun Mama ya yi sauƙi, amma ba ya riƙe farantin wake, ni nake tsince mata yanzu. Da horona ya ƙare Broda Bitrus ya karɓe ni a dirama, sai dai aikina jera benci da riƙe labule. Ban yi gardama ba, ai Baturen ma da tsintsiya ya fara. In mai mutuwa ya riƙe ciki ya ce "Wayyo, zan mutu!" ya zaɓi wuri mai tsabta ya kwanta, ni ne na farko da ke tafi, don yanzu na san wannan "wayyo" ɗin saboda iyayen da ke zaune a gaba ake yin ta.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In za ka saci labarin mutum, ka bari ya kai ƙarshe. In kuma uwarka ta kira ka, ko ka mutu ka amsa. Yanzu in Mama ta ce "Auta" daga ɗaki, ko ina banɗaki da sabulu a ido nakan ce "Na'am!" da ƙarfi har maƙwabta su ji. Wani lokacin ba ta da abin da za ta aike ni. Kira kawai take yi ta ji.